Maiwada na Wurin Fasa Dutse

Maiwada Dikko ɗan mahauta ne a Talata Mafara. Tun yana ƙarami yake fiɗa tare da mahaifinsa, kuma kowa ya ɗauka a kan teburin nama zai tsufa. Amma da aka fara aikin dam ɗin Bakolori ana ɗibar lebura, sai ya ajiye wuƙa ya bi motar kamfani. Shekararsa ashirin da shida a lokacin, da mata ɗaya, Taibatu.

Wurin fasa dutse aka kai shi. A sa nakiya a tarwatsa dutse, su kuma su loda shi a bakin injin da ke niƙa shi ya zama tsakuwa. Ƙurar wurin fara ce fat, mai laushi kamar garin rogo. Wasu su ɗaura ƙyalle a hanci, in zafi ya yi su cire. Da yamma Maiwada yakan dawo gida har gashin idonsa fari, Taibatu ta yi ta dariya tana cewa an musanya mata miji da tsoho. Shekara uku ya yi a nan. Da aka gama aikin ya koma fawa, ya gina ɗaki biyu da kwano.

Sai bayan shekara bakwai abin ya fara. Da asuba yatsunsa su ƙage, sai rana ta ɗaga su saki. Daga nan gaɓoɓin suka kumbura, hannu biyun duka, har wuƙa ta soma faɗuwa daga hannunsa. Aka ce sanyin ƙashi ne, aka yi ta jiƙo da shafe-shafe. Tari ya biyo baya. A asibiti aka ɗauki hoton ƙirjinsa, aka ga tabo, aka ce tarin fuka ne. Ya sha magani wata da watanni, ba abin da ya sauya.

Ƙanensa Lauwali ne ya matsa suka tafi Sakkwato. Likitan da suka samu ya daɗe yana duban hoton, sannan ya kama hannun Maiwada yana juya shi.

"Malam, wane aiki ka taɓa yi ban da fawa?"

"Na yi fasa dutse, likita. Amma an daɗe."

Likita ya nuna masa wasu dunƙule-dunƙule a hoton, zagayayyu kamar ƙwallon goriba. Ya ce ba tarin fuka ba ne. Ƙurar dutse ce ta zauna a huhu, ciwon gaɓoɓin kuma ya same ta a can, su biyun suka haɗu suka yi wannan. Ya ce ba ya warkewa, amma ana rage zafinsa.

"Ni kaɗai ne?" in ji Maiwada.

"Abin da ban sani ba ke nan. Ku nawa ne a wurin?"

"Rukuninmu mu talatin da huɗu."

"Da zan ga sauran, da na sani."

Suka dawo gida. Amma tun daga makon nan ya shiga neman abokan aikinsa. Ran Talata yana kasuwar garinsu yana tambaya, wata ranar ya hau mota zuwa Bakura ko Maradun. Ya je Morai, ya je Tsibiri. Hanyar Janbako ta wahalar da shi ƙwarai, don kowane rami motar ta faɗa sai ya ji shi a gwiwa. In ya sami mutum, bayan doguwar gaisuwa, sai ya ce, "Miƙo hannunka in gani." Sannan ya tambayi numfashi.

Taibatu ta ce, "Malam, kai da ba ka da lafiya, mi za ka samu cikin wanga yawo?"

Ya ce, "In sani kawai."

Cikin shekara guda ya gano mutum ashirin da shida. Biyar sun rasu. Tara suna haki in sun yi tafiya kaɗan, amma hannuwansu lafiya lau. Masu ƙirji da gaɓoɓi tare su uku ne: shi, da Ɗan Juma na Tsibiri, da wani Bafillace da ake kira Gajere a Janbako, wanda shi ma an daɗe ana ba shi maganin tarin fuka. Maiwada ya kai su biyun Sakkwato da kansa. Hotunansu suka fito irin nasa, aka sauya musu magani.

Bai sake riƙe wuƙa ba. Lauwali ya karɓi teburin, shi kuma yakan zauna a kara, wurin cinikin shanu, ran kasuwa, mahauta su zo su ce ya duba musu sa kafin su saya. Taibatu ce ke sa masa maɓallin riga, ta kuma dama masa fura da ruwa-ruwa don ya iya ɗaga ƙwarya da tafin hannu biyu. Gajere yakan zo duk bayan mako biyu, su zauna a zaure suna hira a hankali, suna tsayawa su huta tsakanin magana.

Maiwada ya rasu da damina, yana da shekara arba'in da bakwai, ya bar 'ya'ya biyar. Gajere ya yi shekara huɗu a bayansa kafin shi ma ya rasu.