Yadda Tsawa Ya Daina Ƙona Amfi

Tsawa ake ce masa a tasha, ba don yana da faɗa ba. Gajeren mutum ne mai fara'a, da wuya ka ji ya ɗaga murya. Motarsa ce mai tsawar. Farar bas ce mai kujera goma sha huɗu, ƙofarta sai an ɗaga an tokare da gwiwa take rufuwa, amma in ya kunna kiɗa, tun daga kwanar gidan mai ake sanin ya taho.

Shi ne auta a gidansu, kuma da son sauti ya tashi. Yana yaro yakan saka rediyon mahaifinsu cikin bokitin wanka don muryar mai labarai ta yi kauri. Makaranta kuwa a aji uku na sakandare ya ajiye ta, ya ce lissafi yana sa masa ciwon kai. Yayarsa mace ita ta kwashe karatun gidan, har ta zama malamar kimiyya a makarantar 'yan mata. Shekara takwas ta ba shi, ita ta goye shi, saboda haka ko da ya yi aure ya tara iyali, in ta kira shi auta, amsawa yake yi.

Rigimarsa da wuta ta fara ne ranar da ya sayi amfi, wato akwatin nan mai ƙara wa rediyo ƙarfi kafin sauti ya isa sipika. Ya ɗaure shi ƙarƙashin kujerar direba, ya haɗa masa sipika ɗaya babba a baya, abu ya yi daɗi. Sai ya tsinci wasu uku irinta wajen masu kayan tsofaffin motoci. Ya ce in ɗaya ta yi haka, ina ga huɗu? Ya tara jajayen wayoyin ya murɗe wuri ɗaya, ya tara baƙaƙen ya murɗe, ya cusa su duka a baki ɗaya na amfin.

Kwana uku motar tana girgiza gilashin shagunan bakin titi. Rana ta huɗu, ana cikin tafiya, wata tsohuwa a kujerar baya ta tambaya ko wani ne ke ƙona roba. Kiɗan ya yi tari sau biyu ya mutu.

Tsawa ya ɗora laifin a kan amfin, ya ce jabu ne. Ya sayo na biyu, ya yi mako ɗaya. Na uku ya ɗaura masa 'yar fanka, da fiyus ya dame shi da tsinkewa kuma ya cire shi ya sa waya mai kauri a wurin. Wannan ya ƙone ne ranar da ya ɗauko 'yan gidansu za su gaishe da kawunsu, Yaya tana zaune a gaba. Hayaƙi ya fito ta tsakanin ƙafafunsa, ya taka birki, kowa ya sauka. Da aka kashe komai, Yaya ta leƙa ƙarƙashin kujerar ta ga ƙullin wayoyin, ta yi dariya har da riƙe ƙofa.

Asabar da hantsi sai ga ta a ƙofar gidansa da jakar takardun jarrabawa da wata 'yar mitar awon wuta ruwan ɗorawa mai wayoyi biyu. Ta sa ya kwance sipika ɗaya ya juya ta. A bayan maganaɗisun akwai lamba huɗu da wata alama mai kama da kofato. Shekarunsa nawa yana ganin alamar, ya ɗauka tambarin kamfani ne.

Ta gaya masa sunanta om, ma'aunin turjiya ne, wato yadda abu ke tare wuta ya hana ta kwarara yadda ta ga dama. Ya fara sosa ƙeya, ta ce ya tsaya, ba lissafi za ta ba shi ba.

"Auta, in aka kaɗa ƙararrawar tashi, ajina ƙofa ɗaya gare shi, yara suna fita a hankali. In na buɗe ƙofa huɗu fa?"

"Sai su tattake ki, Yaya."

"To haka ka yi wa amfinka. Kowace sipika da ka jera gefe da gefe, ƙofa ka ƙara. Turjiya ta ragu, wuta ta yi ta tuɗaɗowa, shi kuma ba a gina shi don wannan ba."

Ta ɗora bakin mitar a kan sipika ɗaya, ta nuna uku da ɗigo huɗu. Ta haɗa biyu kamar yadda yake haɗawa, lambar ta rabe gida biyu. Da ta haɗa huɗun, ko om ɗaya ba ta cika ba. Sannan ta nuna masa gefen ƙonannen amfin, inda aka rubuta cewa kada a sauka ƙasa da biyu.

Abin da ya tsaya masa a rai shi ne uku da ɗigo huɗun nan. Ya ce tunda an rubuta huɗu, ashe cutarsa aka yi. Yaya ta ce a'a. Mita da ɗan batirinta take awo, wutarsa a miƙe take. Kiɗa kuwa kai-komo yake yi, kuma turjiyar sipika tana hawa tana sauka gwargwadon kaurin sautin da ke wucewa. Huɗun suna ne kawai na kusa da gaskiya, in ji ta, kamar yadda direba ke ce wa fasinja saura minti biyar a tashi. Wannan ya gane shi nan take.

Ranar ta zauna kan kujera 'yar tsuguno tana makin takardunta, shi kuma yana kwance cikin mota. Ya haɗa sipikokin bibbiyu, wutsiyar wannan a bakin waccan, yadda sai wuta ta ratsa ɗaya kafin ta shiga ɗayar, kowane layi ya zama takwas. Ya jera layukan biyu gefe da gefe, suka koma huɗu. Sau uku yana aunawa, don bai yarda lissafi zai iya faɗa masa gaskiya ba. Da ya sa sabon amfi da fiyus na ƙwarai, ƙarar ba ta kai ta da ba, amma a karo na farko ya ji kowace kalma ta mawaƙin. Bayan awa biyu ya taɓa amfin, ɗumi kawai.

A tasha aka fara tsokanarsa cewa Tsawa ta koma yayyafi. Wata shida suka wuce bai ƙona komai ba, sai masu tsokanar suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa da mataccen amfinsa a leda. Yana jiran layin lodi yana auna musu, yana zana ƙofofin aji a bayan kwali. Yaya ta karɓe mitarta, ta makaranta ce, dole ya sayi tasa.

Da bayansa ya fara ciwo saboda zaman tuƙi, ya sayar da bas ɗin ya kama rumfa kusa da mai faci. Benci ɗaya ne a ciki, da tsohon batir, da gwangwanayen madara cike da fiyus, kowane da launinsa. Maiɗakinsa ta ce ita dai ta huta, tunda yanzu rigunansa ba sa warin ƙonanniyar waya.

Ƙa'idarsa ɗaya ce, ba ya haɗa abin da bai auna ba, ko da na surukinsa ne. Kwanakin baya wani ango ya kawo masa ƙaramar mota da sipika shida a kwali, yana so a cusa su duka kafin Juma'a. Tsawa ya duba amfin, ya auna, ya ce huɗu za su shiga, biyun a kai ɗakin amarya. Angon ya fusata ya ce akwai masu yi a gaba. Tsawa ya nuna masa hanya da hannu, har ya taimaka masa ya mayar da kwalin.

Ranar Litinin motar ta dawo, tagogi a buɗe, tana wari. Tsawa ya matsa wa angon wuri a benci, ya tambaye shi yadda biki ya tashi, sannan ya jawo kwali da biro.