Gumsu Umara da Mabiyiyar da Ta Bayar

Haihuwa da tasowa

An haifi Hajiya Gumsu Umara a garin Guri a shekarar 1974. Mahaifinta Malam Umara masunci ne da kakanninsa suka taso daga bakin tafkin Chadi, mahaifiyarta Falmata kuwa sana'arta bandar kifi. Ta sauke Alƙur'ani, ta kuma kammala firamare a 1987.

Aure da jarrabawa

A 1993 ta auri Malam Ja'afaru, manomin shinkafa a Haɗeja. Cikinta na fari ya zo da kumburin ƙafa da ciwon kai, aka ɗauka laulayi ne, har jijjiga ta kama ta. Ta rayu, jaririn bai zo da rai ba. Daga baya Allah ya ba ta Sunusi da Mairo lafiya.

Cikin auta

A 2009 hawan jinin masu juna biyu ya dawo mata, aka kwantar da ita asibiti. Can ta haɗu da Likita Jannat, wadda ke binciken abin da ke sa jijiyoyin jinin mabiyiya su tsuke har abinci ya kasa isa ga jariri, da kuma ko magungunan da ke kare jijiya daga lalacewa za su sassauta su. Likitar ta roƙi a ba ta mabiyiyar bayan haihuwa. Surukar Gumsu ta ƙi, domin a al'ada wanke mabiyiya ake yi a binne ta da mutunci.

Gumsu ta ce, "Inna, ta farko mun binne ta, har yau ba mu san abin da ya ci yaron ba. Ki bari a duba wannan."

Aka daidaita a kan a yanki kaɗan, a binne saura. An ciro jaririyar, Zara, ta hanyar tiyata tun ba ta cika wata tara ba, ta kuma rayu.

Bayan shekara biyu likitar ta zo har gida, ta shaida mata cewa jijiyoyin sun saki da aka sa musu maganin a ɗakin gwaji, amma matan da suka sha maganin bai hana su ciwon ba.

Gumsu ta ce, "To, Likita, me ya rage mana?"

"Awo da wuri, Yaya."

Hidima

Daga nan Gumsu ta koyi awon hawan jini, mijinta ya saya mata na'ura. Fiye da shekara goma tana bin gidajen unguwarsu, kuma duk mai cikin da jininta ya hau, ita ke raka ta asibiti a Keke Napep.

Jinya da rasuwa

A 2022 ciwon ƙoda ya kwantar da ita, Mairo na jinyarta da tsohon ciki. Wata safiya Gumsu ta lura fuskar 'yar ta kumbura. Daga kwance ta auna ta, ta ga jinin ya hau, sannan ta ce ta tafi asibiti. Mairo ta ce ba za ta bar ta ba.

"Ki tafi, 'yar nan. Ni an riga an san ciwona."

Ta rasu ranar Juma'a, Mairo na gadon asibiti. An yi mata salla bayan La'asar, aka binne ta a Haɗeja. Ta bar mijinta da 'ya'ya uku: Sunusi, da Zara, da Mairo, wadda ta sauka lafiya kafin a yi addu'ar bakwai.