Soyayyar da Na Ƙara wa Sufeto

Shekara uku ina yi wa mata karatun littafi a shagon ɗinkin Adda da ke unguwar Sintali a Jalingo, duk ranar Asabar bayan azahar, kuma a tsawon wannan lokaci babu wadda ta taɓa leƙa takardar da ke hannuna.

Adda ce mai shagon, Bafulatana ce, idonta kullum yana kan allura. Akwai Sista, tsohuwar nas da ta yi ritaya, wadda Hausarta ta kasuwa da coci ce, mace da namiji duk “kai” take ce musu, karatun Hausa kuwa sai ta bi da yatsa. Ta ukun matar ɗan sanda ce, muna ce mata Madam. Ita ta iya karatu sarai, cewa dai take yi idonta yana ruwa. Sauran masu kawo ɗinki ne da sukan zauna su saurara. Ni da nake buga takardu a ofis aka ba farar kujerar roba ta kusa da fanka, nakan hau keke daga Abbare in zo in zauna a kanta kamar alƙaliya. A ofis ba mai sanin na zo ko ban zo ba. A shagon nan kuwa, in na makara har waya ake yi mini.

Da littattafan soyayya na tashi, irin waɗanda yarinya ke suma don an kira sunanta a hankali. Su kuwa matan nan labarin wani Sufeto suke so, mai binciken kisan kai, wanda marubucin yake ta jan sa littafi bayan littafi. Sufeton nan ba ya da mata, ba ya da budurwa, ban taɓa jin ya ci abincin kirki ba. Mace ɗaya ce ke fitowa a kowane littafi, likitar da ke duba gawa, ita ma aikinta ta miƙa masa rahoto ta ce, “Ga sakamakon.”

Zuciyata ta kasa ɗauka. Ranar da muka zo wurin a littafi na farko, sai na ji bakina ya ƙara da cewa yatsunsu sun haɗu a kan takardar, kuma babu wanda ya yi saurin janyewa. Keken ɗinkin Adda ya tsaya cak. Shirun da aka yi a shagon ya fi mini duk wani yabo da na taɓa samu.

Daga nan abin ya zama jiki. A littafi na uku na sa ya kai mata tsire a nannaɗe. A na biyar ruwan sama ya tsare su a ƙofar asibiti, laima ɗaya, ya bar kafaɗarsa ta jiƙe. Sista takan tambaya yaushe mutumin nan zai je ya gai da iyayen yarinya, shekaru suna tafiya. Madam kuwa, wadda ba ta barin shafi ya wuce ba ta ce ba haka ake bincike ba, mijinta ya faɗa mata, da aka zo kan laima sai ta ce wannan kam marubucin ya san 'yan sanda, haka maigidanta ya yi mata sak.

Kuskurena ɗaya ne, ba na karanta gaba a gida. Ina son in ji labarin tare da su, ƙarin nawa kuma a nan take yake zuwa mini. Da littafi na tara ya iso wurin mai sayar da littattafai na bakin kasuwa, Asabar ta farko na ga an daɗe ana wahala, sai na sa Sufeto ya nemi aurenta a bakin firjin gawa. Adda ta aika aka sayo zoɓo. Sista ta ce za ta ɗinka anko.

Asabar ta uku, ina cikin karatu da daɗin murya, idona bai wuce bakina da layi ɗaya ba, na ji na faɗi da kaina cewa likitar ce ta kashe attajirai biyun da Sufeto ke binciken mutuwarsu, ita ke sa guba, ita ke rubuta rahoton cewa ciwon zuciya ne.

“Kai yarinya, koma baya ka karanta da kyau,” in ji Sista.

Na koma. Haka yake.

Wata mai jiran a rage mata wuyan riga ta ce ita dama tun ranar tsire ta ga alama, macen da ke cin nama bayan ta taɓa gawa ba ta da imani. Ba ta nan ranar tsire, labari ta ji. Sista ta ce ita ta yi aiki da likitoci shekara da shekaru, mugunsu ba ya tsayawa a ƙarƙashin laima. Adda ta ɗinke hannun riga a bai-bai, ta zauna tana farkewa.

Madam ce ta gano inda ciwon yake. Ta ce marubucin nan wata ce ta ƙi shi, shi ya sa yake hucewa a kan mata. Ka raini soyayya littafi takwas, ka kai ta har neman aure, sannan ka watsa mana ƙasa a ido? Ta ce akwai guruf na masu karatunsa a waya, shi kansa yana ciki, ƙanwarta za ta saka ta. Saƙon murya za ta tura, da sunan matan Jalingo, ta tambaye shi ina ya kai laimar, ina ya kai alƙawarin bakin firji. Kowa ta faɗi nata a ciki. Ta ce ni zan fara, tunda na fi su iya jera magana.

Na hango abin da zai faru. Mutanen da suka karanta littattafan da idonsu za su ji matan Jalingo suna kuka a kan laimar da babu ita. Za a yi ta tura muryar Sista daga waya zuwa waya ana dariya. In kuma na buɗe baki, farar kujerar ta tafi. Ba zan ɓoye ba, na yi tunanin in bar su su tura, daga baya in ce ƙila bugun da aka kawo mana daban ne. Madam har ta goge fuskar wayarta da gefen mayafi, ta miƙo mini ita saitin baki.

Na ce, “Madam, babu laima.”

“Wace laima?”

“Ta littafi na biyar. Babu tsire. Bai nemi aurenta ba. Duk ni ce.”

Ba su gane ba sai da na maimaita. Adda ta jawo kwalin da take ajiye tsofaffin littattafan a ƙarƙashin teburin yanka, ta fito da na biyar ta ba Sista. Sista ta sa tabarau, na nuna mata shafin, ta bi da yatsa a hankali, mu duka muna jiran ta. Ta ɗago.

“Ruwan ma babu,” ta ce.

“Babu, Sista.”

“To me suka yi a ƙofar asibiti?”

“Ta ce masa ga sakamakon.”

Madam ta ajiye wayar a cinya. Ta ce ita dama ta daɗe tana shakka, don ɗan sanda na gaske ba ya da lokacin riƙe wa mace laima. Sista ta juyo ta dube ta ta saman tabarau, ta ce, “Ba kai ka ce mijinka ya yi maka ba?” Madam ta ce wannan daban, lokacin bai zama ofisa ba. Daga nan ta dawo kaina. Ta ce shekara uku na mai da su yara, na sa ta je gida tana yi wa mijinta gori da Sufeton da ko sannu bai iya ba. Mai wuyan riga ta ce ita dama tun farko muryata ba ta kwanta mata ba.

Abin da ya fi mini zafi na Adda ne, don ita ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, “Ƙanwata, na yi wa matar nan addu'a fa.”

Ba a tura saƙon ba. Asabar ta gaba na tarar da Madam a farar kujera, idonta ya warke. Ita ta ƙarasa littafin, tana karanta har lambar shafi don kowa ya shaida ba ta ƙara komai ba. Sufeto na gaskiya ya sa wa likitar ankwa bai ko dubi fuskarta ba, ya koma ofis ya buɗe wani fayil. Sista ta yi gyangyaɗi sau biyu, amma da aka gama ta ce ai gara gaskiya ko ba daɗi, tana kallona.

Ban daina zuwa ba. A benci nake zama yanzu, wurin da fanka ba ta kaiwa, Adda takan ba ni maɓallai in ɗaura. In na makara ba a kira.

Ana cikin littafi na goma na kai wa Adda atamfa. Ta kai ni bayan labule tana gwada ni, tef a wuyanta, Madam tana can tana karanta bayanin wata mota da aka sace. Adda ta sa tef a kafaɗata, ta yi ƙasa da murya.

“A naki, ya aure ta?”

Na ce ya aure ta, ƙarya aka yi mata, shi ya wanke ta a kotu. 'Ya'yansu biyu.

Ta rubuta awon a jikin atamfar da alli, ta ce in ɗaga hannu. Sannan ta ce kada in kuskura Madam ta ji, kuma in zo ranar Laraba in karɓi ɗinkina, ranar ba kowa a shago.