Ƙafar Zabuwar Gwaggo

Shekarar da aka turo ni koyarwa a Magariya, darasin da ya fi ba ni wahala shi ne na asalin halittu, wato yadda dabbobi suke da dangi da kakanni kamar mutane. Na zana itace mai rassa a allo, na ce wa ɗalibai tsuntsu da kada reshensu ɗaya, kadangare ma ɗan'uwansu ne na nesa. Aji ya kwashe da dariya. Wata ɗaliba ta kira ni Mushe, yadda ake kiran malamin boko a can, ta ce, "Mushe, kaza da kada? Sai dai in mun gani da idonmu."

Da hutun ƙarshen mako na hau kabu-kabu zuwa ƙauyenmu, gaba da Yekuwa, wurin gwaggona, ƙanwar mahaifina. Tun ina yaro na san ta da zabi. Asalinsu na daji ne. Kakanmu ne ya tsinci ƙwai a gindin sabara yana kiwo, ya kawo su cikin hularsa, aka sa wa kaza ta ƙyanƙyashe. Daga nan zuri'ar ta yi ta tafiya, ba a taɓa gauraya su da na kasuwa ba. Ƙanana ne, ga tsoro, kuma ba su kwana ko'ina sai bisa tsamiyar gidan. Zabin Baba take kiransu.

Bayan gaisuwa na ba ta labarin ajina, muka yi dariya. Cikin hira na ce, "Gwaggo, da zan samu ƙafar zabo, da na nuna musu ɓawon fatarta. Irin na kadangare ne sak."

Ta ce, "Ƙafa kawai kake so, ɗan nan?"

Na ce, "Ƙafa kawai."

Na tashi na shiga gari gaishe-gaishe. Sai bayan la'asar na dawo, na tarar da tuwon gero da miya mai nama. Na ci har na yi santi. Da na wanke hannu ta miƙo mini ƙafafu biyu a ƙunshe cikin ganye. A lokacin ne na lura gidan shiru yake.

Na ce, "Ina sauran zabin? Ban ji kukansu ba."

Ta ce, "Ciwo ya share su da damina. Ita kaɗai ta rage. Maƙwabcinmu na kira ya yanka."

Na ce, "Haba Gwaggo! Me ya sa ba ki gaya mini ba? Ai ko ƙafar kaza ta isa."

"Zabo ka ce. Tun da ka girma ba ka taɓa roƙona komai ba. Ita kuma ba namiji, me za ta bari a baya?"

Sai ta juya mini baya, ta shiga wanke tukunyar da ta riga ta wanke.

Ranar Litinin ƙafar ta zagaya ajin hannu zuwa hannu. Aka kamo kadangare a bangon lakwal, wato makarantarmu, aka gwada. Ɗalibar nan ta yi ta shafa ɓawon da yatsa, ta ce, "Wallahi Mushe, iri ɗaya ne." Ban taɓa yin darasin da ya shiga kamar wannan ba, kuma ban taɓa ƙosawa a tashi kamar ranar ba. Ina yi musu bayanin zuri'o'in da suka ƙare a duniya, naman ta ƙarshe a zuri'ar zabin gidanmu yana jikina.

Da kasuwar Dungas ta ci, na sayi zabo da zabuwa manya na kai mata. Ta yi godiya, ta sa mini albarka. Tana ba su gero da gara, suna kwana a akurki tare da kaji, sun ma yi yawa yanzu. Duk sa'ad da na kira ta na tambayi lafiyarsu, sai ta ce, "Baƙin nan suna nan lafiya."