Dawar gidanmu a cikin kwalba

Shekarun baya na ba da irin dawar gidanmu da hannuna, bai dawo ba.

Lokacin ana mulkin soja, ina noma a 'Yandoto. Dawar tun ta kakana ce, ja, mai nauyi, tuwonta yana kwana bai saki ba. Kowa a garin ya koma irin kasuwa, mu kaɗai muka riƙe ta. A shekarar na shuka sau biyu, don ruwan farko ya yaudare ni, irin da ke rumbu ya ƙare kaf. Sai ƙuduji ya cinye gonar. Ciyawar nan mai jan fure da ke tsotse saiwa. Zangarniya goma sha bakwai ce ta tsira, na ɗaura wa kowace tsumma, alamar iri ce.

Wani malamin bincike ya zo a babur, abokina ya kawo shi daga Tsafe. Ya ce yana son dawar da ta jure ƙuduji, amma tun tana nono, kafin ta bushe. Zai ciro 'yar ƙwayar cikin tsaba, ya raine ta a kwalba, ya sa mata wata halitta da ido ba ya gani, bakteriya, ta shigar mata da ƙarfin da ƙuduji ba zai ƙara taɓa ta ba.

Ban yi boko ba. Abin da na ji kawai shi ne ƙuduji zai mutu.

Mahaifiyata ta biyo mu gona da sandarta.

"Kai, wa ka yankan dawa tana nono? Ka haukace?"

"Inna, gyara ta za a yi."

"Mi ta yi da za a gyara ta? Malam, kwalba gona ce?"

Malamin ya yi dariya, ya ce guda takwas sun ishe shi. Ni da bakina na ce ya kwashe duka, aikin ya yi sauri. Wai ni mai wayo. Ni na riƙe wuƙar.

Damina ta zagayo, shiru. Na shuka irin kasuwa. Da kaka na shiga mota na bi kwatance har jami'ar da yake aiki. Bai ɓuya ba, ya kai ni ɗakin binciken. Kwalabe jere a kan katako, kowace cike da fumfuna, baƙi da kore. Ya ce wuta ta ɗauke sati biyu, ga wahalar mai, injin ba da wuta bai tashi ba. Ya ɗaga wata, ya nuna mini wani busasshen zare.

"Wannan har ta fitar da ganye," in ji shi. "Ko akwai saura a gida?"

Na ɗauki hulata.

Na bi ƙauyuka har Bungudu ina tambaya, ko an taɓa ba wani kyautar irin. Babu. Mahaifiyata ba ta yi mini faɗa ba. Tuwon sabuwar dawa kawai take turewa, ta ce ba ta jin yunwa. Haka har ta rasu.

Ban riƙe malamin a zuciya ba. Takwas ya nema. Wataƙila ma aikinsu gaskiya ne, an ce wasu sun yi nasara a wasu ƙasashe. Tara zan bari a gona, ban bari ba.

Yanzu ina Gusau, ina gadin wani gida a Damba. Dawa da tiya nake saye. In na shiga kasuwa nakan tsoma hannu a buhun ja, in duba. Ba ita ba ce.