Maraƙi a Jirgin Baba

Ranar wata Laraba da hantsi, a daminar da na shiga aji huɗu, aka saki ruwan dam ɗin Goronyo, gulbin Rima ya cika har ya shanye mashigin shanu. Babana ɗan fito ne, shi ke haye da mutane a jirginsa na katako, ni kuwa yaro ne da ba ya iya zama wuri ɗaya. In ya ce in zauna a ciki, sai a gan ni can goshin jirgi ina leƙen kifi. In ya miƙo ƙoƙo in kwalfe ruwa, kafin ya waiwayo na isa gindin jirgi, can baya, ina jan gwangwalar da yake tunkuɗa jirgin da ita. Jirgi ya yi ta tangaɗi, mata suna salati. A makon ne ya yanke magana: na ƙara motsi a tsakiyar ruwa, zai tura ni gonar albasar kawuna a Wurno. Bulala ba ta taɓa ba ni tsoro kamar wannan magana ba.

A Larabar nan sai ga wani dattijon Bafulatani daga wajen Giyawa, da saniya da ɗan maraƙinta. Yadda ake yi, maraƙin ake sakawa a jirgi, uwar ta biyo da iyo saboda ɗanta. In ta daina ganinsa sai ta juya, ruwa ya tafi da ita. Baba ya kwantar da maraƙin a ciki, ya zaunar da ni na danne shi, ya ce, "Riƙe mashi kai shina kallon gindi, uwatai ta gane shi. Kak ka tashi, ko mi kag gani."

Muna barin gaɓa gwangwala ta daina taɓa ƙasa, Baba ya ajiye ta ya ɗauki filafilin tuƙi. Ruwa ya dinga fizgar goshin jirgin. Maraƙin ya yi ta harbi, kofatonsa ya tsaga mini ƙwauri, ƙafata ɗaya ta mutu. Dattijon yana kiran saniyar da Fulatanci, ita kuwa hanci da ƙaho kawai ake gani. Ba inda bai yi mini ƙaiƙayi ba. Na so in miƙe, na so in leƙa, na so in yi kuka, amma na cije na zauna har jirgi ya soki yashi.

Saniyar ta fito tana huci, ta hau lasar ɗanta. Baba ya dubi jinin ƙwaurina. Da za mu komo ya miƙo mini filafili, ya ce, "Taho gindi, nan matuƙi ka zama." Murna ta hana ni cin tuwo ranar.

Yanzu jiragen wurin masu inji ne, fasinja na sa rigar kariya, yara kuma gaba da baya suke cewa, ba goshi da gindi ba. Baba bai tura ni Wurno ba har ya rasu. Ina zaune a ofis a Sakkwato, ƙafata na karkaɗawa ƙarƙashin tebur, ina kewar ƙarnin ruwa. Ba wanda ya raba ni da gulbin nan, ni na tafi da ƙafata.