Ƙashin da Ta Rataya Kafin Ta Yi Magana

Har yau in na ji ƙaurin kara yana cin wuta, ko da maƙwabciyarmu ce ke hura murhu, sai in miƙe in leƙa in ga inda wutar take. Innata ta ce in riƙa faɗar abin, wai nauyinsa zai ragu. Na faɗa har mutanen gida sun gaji da ji, shi ya sa na koma ga takarda.

Na gama koleji a Birnin Konni, ban samu wucewa lise, babbar sakandare, ba, na zauna gida ina taya inna ɗinki. Ana nan wani tsohon malamin makaranta, irin waɗanda muke kira mushe, abokin babana, da ya aje aikin koyarwa, ya zo ya ce zai buɗe lakwal, wato makarantar boko, a ƙauyensu, can wajen Bazaga, don ɗiyan manoma da masu amalanke. Ba a biyan komai, kuma daga shiga har tashi Faransanci kawai za a yi. Hujjarsa ɗaya ce, kullum ita yake maimaitawa: talaka zai tsaya a buro, wato ofis, ko gaban jandarma ana yanke magana a kansa, shi ko yana murmushi don bai ji ba. Ya ce yana son mai taya shi. Na ce ban taɓa koyarwa ba. Ya ce su ma yaran ba su taɓa koyo ba, sai mu fara tare.

Bayan girbi aka yi gayya, aka kafa rumfa da kara da zana, ƙofa ɗaya, yara na zama a kan buhuna. Samun yaran ya fi kafa rumfar wuya, don kowane yaro yana da awaki ko tulu da ke jiransa. Wani mai amalanken jaki, mutum mai barkwanci, ya kawo ƙaramar ɗiyarsa yana cewa, "Mushe, in ta iya yaren nan, jakina zai ji shi? Don Hausa dai ta gagare shi."

"Kawo jakin ma," in ji tsohon, "akwai wuri kusa da kai."

Akwai wani abu da ake kira sambol. Namu ƙashin muƙamuƙin jaki ne da aka zura wa igiya. Duk yaron da ya yi Hausa a cikin lakwal, a wuyansa ake rataya shi, ba ya cirewa sai ya kama wani ya yi. Wanda aka tashi yana wuyansa, da shi zai kwana, ya kawo shi da safe. Tsohon ya hana bulala, ya ce kunya ta isa. Ni ma na sha rataya irinsa ina yarinya, don haka ban ga wani abu a ciki ba. Shi kansa mushe, da ya taka ƙofar rumfar, ko sallama ba ya amsawa da Hausa.

Ɗiyar mai amalanke ita ce ƙarama a ajin, tana zama can baya jikin zana. Ita kaɗai ce ƙashin bai taɓa hawa wuyanta ba, don ba ta magana sam. Ido kawai, manya, suna bin bakina.

Ranar da abin ya faru bazara ce, ana sharar gona, mutane na tara tushiya suna ƙonawa kafin ruwa ya sauka. Mushe ya hau kabu-kabu ya tafi Konni sayo alli, ya bar ni da yaran. Wajen hantsi na ji guguwa ta wuce ta bayanmu, rumfar ta girgiza, ban kula ba. Ina rubutu a allo, na ji motsi, na waiwaya. Yarinyar ce tsaye. Na ce mata da Faransanci ta zauna. Ba ta zauna ba. Ta ratso tsakanin yara tana tsallake ƙafafunsu, ba da gudu ba, har layin gaba inda wani yaro ke zaune da ƙashin a wuya tun safe. Ta sa hannu biyu ta zare igiyar ta kansa. Ta rataya wa kanta. Har gyara shi ta yi ya zauna daidai a ƙirjinta. Sannan ta ɗago ta dube ni, ta yi magana da Hausa.

"Madam, wuta ta kama bayan rumfa."

Wannan ne karo na farko da na ji muryarta sosai. Na ɗaga ido, na ga hayaƙi na tsiyayowa ta zanar da take jingina, da wani jan harshe yana lasar rufi.

Abin da ya biyo baya guntu-guntu nake tuna shi. Yara sun cushe a ƙofa. Na tuna na kama zanar gefe na yage ta da hannu, ban san ina da wannan ƙarfin ba, ina ihu da Hausa, ina tura su ta ɓarakar kamar ana fitar da kaji daga akurki. Matan da ke rijiya suka sheƙo da gudu, kowace na kiran nata. Muna fita rufin ya rufta. Kara ba ya jira. Kafin a kawo tulu na farko babu komai sai sanduna baƙaƙe tsaye. Ba wanda ya rasu, ba wanda ya ƙone sai ni a damtse, ban ma sani ba sai da wata tsohuwa ta kama hannuna tana salati.

Da la'asar mushe ya dawo da kwalin alli a hannu, ya tarar da iyaye tsaye a kan toka. Wata uwa ta ce masa, "Mun ba ka ɗiyanmu ka koya musu magana, ba ka gasa mana su ba. Ba mu ƙara turowa." Da suka watse na gaya masa yadda yarinyar ta yi. Ya zauna a ƙasa, mutumin da ban taɓa ganin ƙura a wandonsa ba.

Da safe na ɗaure kayana zan koma Konni. Na ce bari in biya in ga wurin sau ɗaya. Tsohon na can tsaye. Sai ga amalanke tafe, mai shi na gaba, ɗiyarsa na bisa da ƙashin a wuya, bayansu yara da iyaye sun biyo don ganin abin da zai faru.

"Mushe, don Allah raba ni da wanga bala'i," in ji uban. "Da shi ta kwana. Uwarta ta zo da wuƙa za ta yanke igiyar, yarinyar ta cije ta. Wai doka ce, sai an kawo shi lakwal da safe. Na ce ina lakwal ɗin? Ta ce tana nan inda take."

Yarinyar ta sauko. Ta bi ta daidai inda ƙofa take a da, tsakanin sanduna biyu da suka ƙone, ko da yake ko'ina a buɗe yake. Ta gaishe mu da Faransanci, ta wuce can baya ta zauna a kan toka, a wurinta. Sauran yaran suka dubi juna, suka zame daga hannun iyayensu, ɗaya bayan ɗaya suka bi ta wannan ƙofar da babu ita, kowa ya nemi gurbinsa. Na ga uwar da ta yi magana jiya ta rufe baki da gefen mayafi.

Tsohon ya shiga, shi ma ta ƙofar. Ya durƙusa gaban yarinyar, ya zare ƙashin, ya rataya a nasa wuyan. Sannan ya yi Hausa a cikin lakwal, abin da ban taɓa ji ba.

"Ɗiyata, kin biya abin da ba a bin ki. Daga yau ƙashin nan nawa ne, ba ya sake hawa wuyan kowa. Wanda ya ga wuta, ko maciji, ko cikinsa ke ciwo, ya faɗa da bakin da uwarsa ta ba shi."

Sai mai amalanke ya ce, "Wallahi ya yi maka kyau, Mushe. Kamar an gwada."

Dariya ta ɓarke, har da masu hawaye. Uban ya tsaya yana kallon ɗiyarsa cikin toka. Ya ce a wannan lokaci kara ko na dabbobi ya ƙare, kowa ya sani. Ya juya jakinsa ya tafi. Bai daɗe ba ya dawo da zanar dangar gidansa a kan amalanke. Kafin azahar wasu ma sun kwanto nasu. Matan suka ce ba su yarda ba sai an yi ƙofa biyu, kuma an share ciyawa kewaye, aka yi. Har ruwa ya sauka, in ka ratsa ƙauyen kana hango tsakar gidajen mutane ta inda suka cire danga.

Na kwance kayana. Ina nan ina koyarwa, Faransancin ma muna yi, yarinyar ta fara haɗa jimla. Amma a karkace nake rubutu a allo yanzu, ido ɗaya na kan zana. Kuma duk ranar da ta miƙe tsaye, ko da fitsari za ta, alli faɗuwa yake daga hannuna.